Czersk: Yadda Tsohuwar Fadar Sarakuna Ta Koma Ƙauye a Ƙasar Foland

Kimanin kilomita 35 kudu da Warso, babban birnin ƙasar Foland, akwai wani ƙauye mai suna Czersk, wanda masu wurin ke furtawa "Cersk". Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne. Dagaci ke shugabantarsu, kuma duk wata hidima ta hukuma sai sun tafi Góra Kalwaria, garin da ke maƙwabtaka da su. Amma a kan tudun da ke gefen gidajensu hasumiyoyi uku na jan tubali suna nan tsaye, ɗaya mai kusurwa huɗu wadda ita ce ƙofar shiga, biyu kuma zagayayyu, ga ragowar ganuwa, ga gadar da ta haye gwalalo. Shekaru 700 da suka wuce nan ne fadar sarakunan da ke mulkin yankin, lokacin da Warso ba ta wuce ƙaramin gari da ke ƙarƙashin ikonsu ba. Akwai wani Czersk ɗin a arewacin ƙasar, wanda shi birni ne har yau, amma ba shi nake nufi ba. Na yankin Mazobiya, wato yankin da Warso take ciki, nake magana.

In ka tambayi yadda aka yi wuri irin wannan ya koma ƙauye, amsar da ta fi saurin zuwa ita ce Sarkin Rasha ne ya ƙwace masa matsayi a 1869 zuwa 1870, don ya hukunta 'yan Foland kan tawayen da suka yi masa. Wannan amsa tana da gaskiya a cikinta, sai dai ta yi gajarta. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin alƙalamin Sarkin Rasha ya iso kan Czersk, garin ya shafe fiye da shekara 400 yana zubewa kaɗan-kaɗan, kuma abubuwan da suka cinye shi sun fi wannan sa hannu ɗaya koyar da mai son fahimtar yadda gari ke rayuwa da yadda yake mutuwa.

Sai an fara gane abin da ake nufi da birni a wancan tsari. A Foland ta zamanin da, yawan jama'a ko faɗin wuri ba su ne ke mai da gari birni ba. Takarda ce sarki ko mai ƙasa ke bayarwa, wadda ke cire mazauna wurin daga dokar da ke kan manoman karkara ta sa su ƙarƙashin wata doka daban, wadda aka aro daga biranen Jamus. Mafi shahara ita ce dokar Magdeburg. A Mazobiya kuwa an fi amfani da 'yar uwarta, dokar Chełmno, wadda ta samo asali a 1233. Mai wannan takarda yana da kotunsa da alƙalansa, yana da magajin gari da majalisa, yana da ranar kasuwa da dokar sarki ke karewa, masu sana'a kuma suna kafa ƙungiyoyinsu su tsara farashi da horon yara. Ɗan birni yana gadar da filinsa ga 'ya'yansa, maza da mata, yana biyan haraji ƙayyadadde. Baƙauye kuwa, musamman daga ƙarni na 16, yana ɗaure da gandun mai ƙasa, yana yi masa noman dole kwanaki a kowane mako, ba ya kuma iya tashi ya bar ƙauyen sai da izini. Don haka wannan takarda ita ce iyaka tsakanin mutum mai 'yanci da wanda ke rayuwa a hannun wani. Har tsarin gari ma takardar ke zana shi: dandalin kasuwa a tsakiya, tituna suna fita daga kusurwoyinsa, filaye dogaye masu ƙunci suna fuskantar dandalin. Wannan tsari yana nan a Czersk har gobe, kuma shi ne abin da ke fara nuna wa baƙo cewa wurin bai tashi a matsayin ƙauye ba.

Abin da ya kafa Czersk tun farko shi ne tudu da kogi. Bistula, kogin da ya ratsa Foland daga duwatsun kudu har tekun Baltik, yana wucewa ne a gindin tudun. Wanda ya riƙe wannan tudu yana ganin duk jirgin da ya taso da duk wanda ya gangaro, yana karɓar kuɗin fito, yana kuma tsare mashigi. Tun ƙarni na 11 zuwa na 12 akwai sansani na ƙasa da itace a wurin. A ƙarni na 13, lokacin da Foland ta rarrabu tsakanin 'ya'ya da jikokin gidan sarautar Piast, kowa da yankinsa, Czersk ya zama ɗaya daga cikin wuraren da Konrad na Mazobiya ya fi dogara da su. A 1233 a nan ya fara tsare ɗan ɗan'uwansa Bolesław, yaro ƙarami mai gadon sarautar Krakow, tare da mahaifiyarsa Grzymisława, kafin a mai da su Sieciechów. Ba a ajiye fursuna irin wannan sai a wurin da aka amince da ƙarfinsa. Bayan rasuwar Konrad a 1247, Czersk ya zama hedikwatar masarauta mai ɗauke da sunansa, kuma babban jami'in coci mai kula da wannan ɓangare na Mazobiya a nan yake zaune. Garin ya samu matsayin birni a ƙarni na 14, Sarki Janusz na Ɗaya na Mazobiya kuma ya tabbatar masa da shi a kan dokar Chełmno a 1386.

Janusz ɗin nan mutum ne da ya kamata a tsaya a kansa, domin hannunsa ne ya ɗaga Czersk, hannunsa ne kuma ya sauke shi. Ya yi mulki fiye da shekara 50, har zuwa 1429. Shi ne ya gina fadar tubali da ake gani yanzu a gurbin tsohon sansanin itace, a ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15. Amma ginin bai gama bushewa ba zuciyar sarkin ta koma Warso. A 1406 aka ɗauke majalisar malaman coci daga Czersk aka kai ta cocin Yahaya mai Baftisma da ke Warso. Zuwa 1413 ita kanta fadar ta bi baya. Inda sarki ya koma kuwa, nan fadawa za su koma, da magatakarda, da maƙera, da masu sayar da tufa mai tsada, da duk mai neman a ji kukansa. Wanda ya san abin da ya samu Zungeru bayan Turawan mulkin mallaka sun kwashe hedikwatar Arewa zuwa Kaduna zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba.

Ana wata ga wata. A cikin wannan ƙarni na 15 kogin Bistula ya canza hanya, ya janye daga gindin tudun zuwa gabas, har ya bar tazarar kimanin kilomita 2. Bistula kogi ne mai yashi da tsibirai, wanda in ya yi ambaliya yakan fasa sabuwar hanya ya watsar da tsohuwa. Abin da ya bar wa Czersk shi ne wani siririn tafki a gurbin da ya tashi, wanda har yanzu ake gani daga saman hasumiya, kewaye da gonakin tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa. A ganina wannan ita ce asarar da ta fi kowace girma, saboda lokacin da ta faru. A 1466, bayan yaƙin shekara 13 da Foland ta yi da mayaƙan Tutonik, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Jamusawa, tashar jiragen ruwa ta Gdańsk da ke bakin kogin ta dawo ƙarƙashin Sarkin Foland. Daga nan Bistula ya zama babbar hanyar arziki. Hatsi da katako suka riƙa gangarowa a kan manyan kwale-kwale zuwa Gdańsk, daga can kuma zuwa Amsterdam da sauran biranen Yammacin Turai. Garuruwan da ke bakin ruwa, irin su Kazimierz Dolny da Toruń, suka cika da rumbuna da gidajen attajirai. Czersk kuwa yana kan tudunsa yana hango dukiyar tana wucewa daga nesa. Kilomita 2 ba wani abu ba ne a ƙafa, amma ga mai ɗaukar buhunan alkama a kan amalanke cikin taɓo, ya isa ya sa ya nemi wata tasha.

Duk da haka garin bai faɗi nan take ba, kuma wannan yana da muhimmanci. A 1526 Janusz na Uku, sarki na ƙarshe daga gidan Piast na Mazobiya, ya rasu ba magaji, shekara biyu bayan ɗan'uwansa Stanisław. Yankin ya koma hannun Sarkin Foland kai tsaye, Czersk ya zama birnin sarki kuma hedikwatar gundumar da ke ɗauke da sunansa. Masu ƙasa na gundumar a nan suke taruwa su zaɓi wakilansu, a nan kotuna suke zama, mai riƙe da sarautar Czersk kuma yana da kujera a majalisar dattawan ƙasa. Masaƙan garin sun yi suna wajen saƙa tufar ulu. Bayan rasuwar Sarkin Foland Zygmunt na Ɗaya a 1548, matarsa Bona Sforza, 'yar gidan sarautar Milan ta Italiya, ta karɓi Mazobiya a matsayin rabonta na zawarci. Mace ce mai ido a kan dukiya, ta gyara fadar, kuma ita ake danganta wa gonakin inabin da aka dasa a gangaren tudun. Ta bar Foland a 1556 ta koma Italiya, inda ta rasu shekara guda bayan haka. Wannan zamani ya ba Czersk numfashi, amma numfashi ne na aro: ofis da kotu da hasken wata sarauniya, ba ciniki mai tsayawa da ƙafarsa ba. A daidai lokacin kuma Warso tana ta haɓaka. Daga 1569 aka tsai da ita wurin zaman majalisar haɗaɗɗiyar daular Foland da Lituweniya, daga 1573 a kusa da ita ake zaɓen sarakuna, zuwa farkon ƙarni na 17 kuma Sarki Zygmunt na Uku ya dawo da fadarsa can daga Krakow.

Sai yaƙi ya zo. A 1655 sojojin Suwidin ƙarƙashin Sarki Karl Gustab suka mamaye Foland, mamayar da 'yan ƙasar ke kira ambaliya saboda yadda ta share komai. Ranar 7 ga Afrilu 1656 kwamandan Foland Stefan Czarniecki ya murƙushe wata rundunar Suwidin a Warka, ba nisa da Czersk. Waɗanda suka tsira suka gudo suka fake a fadar Czersk, da za su fita kuma suka lalata ta, garin ma bai tsira ba. Nasarar da ake alfahari da ita a littattafan tarihin Foland, mutanen wannan gari ne suka biya wani ɓangare na kuɗinta. Garuruwan Mazobiya da yawa sun ƙone a waɗannan shekaru, yunwa da annoba suka biyo baya. Wasu sun farfaɗo saboda suna da abin da zai jawo mutane su dawo. Czersk ba shi da kogi, ba shi da sarki, yanzu kuma ba shi da fada.

Abin da ya ƙarasa tsotse shi ya fito ne daga ƙofar gida. Bishof na Poznań, Stefan Wierzbowski, ya sayi wani ƙauye mai suna Góra da ke kusa da Czersk, wato Góra Kalwaria ta yau, ya zana shi da siffar gicciye, ya cika shi da coci-coci da wuraren ziyara, ya kira shi Sabuwar Urushalima. A 1670 wurin ya samu takardar birni. Masu ziyarar ibada suka riƙa tururuwa, masu sana'a suka bi su. A ƙarni na 19, bayan an ba Yahudawa izinin zama, garin ya sake zama wata cibiyar addini, ta ɗariƙar Yahudawa da aka sani da Ger. Kasuwa biyu ba sa ci a tazarar kilomita 3, dole ɗaya ta haɗiye ɗaya, kuma Góra Kalwaria ce ta haɗiye.

An yi yunƙuri ɗaya na ceto. Franciszek Bieliński, babban jami'in fadar sarki wanda ya gyara titunan Warso, wanda kuma shahararren titin Marszałkowska ya samo suna daga muƙaminsa, ya soma gyaran fadar Czersk a 1762 don kotu da ma'ajiyar takardu su samu mazauni. Gadar tubalin da baƙi ke bi su shiga yau ta wannan lokaci ce. Ya rasu a 1766, aikin ya tsaya. A 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka gama raba Foland a tsakaninsu, Czersk ya faɗa hannun Furushiya, wata masarauta ta Jamusawa, tsohon tsarin gundumomin da ya ba shi ragowar daraja kuma ya rushe. Aka riƙa ɓamɓarar tubalin ganuwa ana gini da shi. Daga 1815 yankin ya koma ƙarƙashin Sarkin Rasha.

Yanzu mun iso kan dokar da aka fi ɗora wa laifi. A watan Janairu 1863 'yan Foland suka tashi da makami a kan mulkin Rasha, aka yi yaƙin sunƙuru har cikin 1864, aka murƙushe shi da rataya da korar dubban mutane zuwa Saiberiya. Bayan haka gwamnatin Sarki Alekzanda na Biyu ta ɗauki aniyar shafe duk abin da ya bambanta wannan yanki da sauran Rasha: aka rusa hukumominsa na kansa, aka cusa harshen Rasha a ofis da makaranta, aka rufe gidajen ibada da dama. A cikin wannan yanayi dokar 1 ga Yuni 1869 ta fito. Cikin birane 452 da ke yankin, sama da 330 aka sauke zuwa matsayin matsuguni, aka haɗa su da ƙananan hukumomin karkara. Kusan uku cikin huɗu ke nan. Ma'aunin da aka bayyana shi ne garin da mutanensa ba su kai 3,000 ba, wanda yawancinsu manoma ne, wanda kuma kuɗin shigarsa bai kai rubul 1,500 a shekara ba.

A nan masu tarihi suke jayayya, kuma jayayyar ta cancanci a saurare ta. Masu cewa gyaran mulki ne suna nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan wurare suna ne kawai ya rage musu. Gari mai gidaje 'yan ƙalilan, da shanu suna kiwo a dandalin kasuwa, yana ɗauke da nauyin albashin magajin gari da ma'aikatansa, alhali tuni gwamnati ce ke naɗa magajin garin ba jama'a ba. Ga wasu mazauna ma sauke matsayin ya zo da sauƙin haraji. Masu cewa ramuwar gayya ce kuma suna nuna lokacin da aka yi abin, da wanda ya yi shi, da kuma yadda ƙananan garuruwa suka ciyar da 'yan tawaye suka ɓoye su. Ni ina ganin ɓangarorin biyu sun riƙe gaskiya, sai dai ba su yi daidai a nauyi ba. Gaskiya ne Czersk na 1869 bai cika ma'aunin birni ta kowace fuska ba, kuma ko da Sarkin Rasha bai taɓa shi ba, ba zai dawo yadda yake a zamanin Janusz ba. Amma ba mutanen wurin aka tambaya ba. Mai mulkin mallaka ne ya zauna a Sant Fitasbag, babban birnin Rasha na lokacin, ya soke, da sa hannu ɗaya, haƙƙin da kakanninsu suka riƙe shekara 500. Talaka da ya gaji takardar gona daga kakansa, ko gonar ta zama fako, ba zai ji daɗi baƙo ya yaga ta a gabansa ba. Shi ya sa har yau ake tuna dokar a matsayin cin mutunci, ko a garuruwan da ba ta rage musu ko kwabo ba.

Wannan ciwo ne ya sa tun da Foland ta samu 'yanci a 1918, musamman kuma bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989, garuruwa suke ta neman a mai do musu da matsayinsu. Majalisar ministoci ce ke bayarwa, bayan an ji ra'ayin mazauna, kuma yana soma aiki ne ranar 1 ga Janairu. Wiślica ta karɓi nata a 2018 da mutane kimanin 500. Opatowiec ya biyo baya a 2019 da mutane 300 da 'yan kai, ya zama birni mafi ƙanƙanta a ƙasar. Ranar 1 ga Janairu 2024 kaɗai wurare 34 aka ɗaga, yawan biranen Foland ya haura 1,000. Ribar da ake samu a aljihu ba ta da yawa. Shugaban ƙaramar hukuma yana komawa magajin gari, sunan wurin yana fitowa a taswira da manyan baƙaƙe, kuma tun da alawus ɗin malaman karkara ya shafi har biranen da ba su wuce mutum 5,000 ba, fargabar rasa shi ba ta hana mutane amincewa. Abin da suke nema shi ne a rubuta cewa abin da aka yi musu a 1869 an warware shi.

To me ya hana Czersk, wanda tarihinsa ya fi na mafi yawansu nauyi? Kusan duk waɗanda suka dawo da matsayinsu hedikwatar ƙaramar hukuma ne. Suna da majalisa da za ta zauna ta rubuta buƙata, suna da ofis da ma'aikata da za su bi takarda har Warso. Czersk ba shi da wannan. Ɗaya ne daga cikin ƙauyukan ƙaramar hukumar Góra Kalwaria, garin da shi ma ya rasa matsayinsa a 1883 amma ya karɓo shi tun 1919, yau kuma yana da mutane kimanin 12,000. Duk wata buƙata ta Czersk dole ta bi ta majalisar da ke zaune a can. Kufan fadar ma cibiyar al'adu ta Góra Kalwaria ce ke kula da shi, ita ce ke shirya wasannin mahaya masu sulke da ke jawo mutanen Warso su zo kallo a lokacin zafi.